Ranar da Jami'ar Turai Ta Shigo Tsakar Gidanmu

Da na gama digirin farko a nan Sakkwato, sai na ƙwallafa rai a kan wata babbar jami'a ta Turai. Baba bai ce a'a ba. Tsohon alƙali ne, ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa, don haka ya ce jami'ar ta zo ta faɗi abin da ta tanadar wa 'yarsa. Aka yi sa'a suna da wata ma'aikaciya Baturiya mai hira da ɗaliban ƙasashen waje ta bidiyo, na nemi a ba mu lokaci.

Maƙwabciyarmu a Ƙofar Dundaye, malamar Turanci ce 'yar Filato da muke kira Anti, ita ta kawo kwamfutarta ta kuma karɓi aikin tafinta. Baba yana jin Turanci sarai, amma ya fi son a fassara masa don ya samu lokacin tunani. Ya sa babbar riga da rawani ya zauna a tabarma, ga zafin bazara, ga ba wuta. Inna ta ce ita baƙuwar ido ba za ta gan ta ba, ta koma bayan kwamfutar da maficinta.

Baturiyar ta fara da ban haƙuri. Ta ce garinsu ruwan sama ya yi yawa, wani lokaci a yi mako ba a ga rana ba. Baba ya share gumi ya dube ni, ya tambaya ko wannan matsala ce ko talla.

Daga nan ta shiga lissafo alheran jami'ar. Laburare ba ya rufewa. Akwai wanda zai tare ni a filin jirgi. Za a ba ni ɗaki ni kaɗai, da makullina. Nan Inna ta yi magana daga bayan kwamfuta.

"Ita ɗai? Mi ta yi musu?"

Anti ta fassara da cewa mahaifiyata ta yaba da tsarin. Baturiyar ta ji daɗi, ta ƙara da cewa idan kewar gida ta dame ni akwai ofis guda da aikinsa kawai sauraron damuwar ɗalibai. Inna ta ce ai ga shi nan, su kulle mutum shi kaɗai sannan su buɗe ofishin tambayarsa abin da ke damunsa. Da aka zo kan ƙungiyar tuƙin kwalekwale, ta ce in dai wannan ne a kai ni bakin gulbin Rima, ya fi kusa.

Sai Baturiyar ta faɗi abin da take ganin ya fi komai daɗi: lokacin jarrabawa ana kawo karnuka masu ladabi ɗalibai su shafa don hankalinsu ya kwanta. Anti ta yi ɗan tari, ta ce ana kawo wasu dabbobi na gida.

"Karnuka ta ce, Malama," in ji Baba a hankali.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai Baba ya ajiye tafinta ya tambaya da Turancinsa na kotu ko akwai wurin salla, kuma ina alƙibla ta fuskanta. Matar ta ce wurin salla akwai, alƙibla kuwa ba ta sani ba, amma ba za ta yi masa ƙarya ba, bari ta je ta duba. Ta ɗauki kwamfutarta ta fita. Muka bi ta muna kallon silin da ƙasan haɓarta, ta sauka bene, ta ratsa ciyawa, har wani ɗaki mai shimfiɗa. A bakin ƙofa ta tarar da wani dogon mutum yana ɗaura takalmi, ta roƙe shi ya nuna mana alƙiblar. Ya leƙo, ya ga rawanin Baba, sai ya rusuna ya yi gaisuwa da Hausa. Mutumin Maraɗi ne, yana digiri na uku, da matarsa da 'ya'yansa a can.

Ban san lokacin da Inna ta zagayo ba. Sai ga ta gaban kwamfuta ta ture ni, tana tambayarsa ɗan wane gida ne, ana samun gero, matarsa tana dama fura, karnukan nan dole ne ko ganin dama. Ya ce ganin dama ne, shi bai taɓa zuwa ba. Baturiyar tana riƙe da kwamfuta tana murmushi, ba ta jin ko kalma, har hannunta ya gaji.

Bayan la'asar Baba ya ce ya amince. Ya ce wadda ba ta san abu ba ta tashi ta je ta duba, ana iya ba ta amana.

Da tafiya ta matso, Anti ta kawo mini rigar sanyinta ta Jos. Ita kaɗai ce a unguwarmu ta san sanyi, kowa ya yarda da shawararta. Rigar ta yi mini aiki daga ƙofar jirgi zuwa ƙofar mota. Washegari matar mutumin Maraɗi ta kai ni kasuwa ina rawar ɗari, muka sayo ta gaske.