Awa Biyun Da Na Ce Tsakanin Paris Da New York

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da uku, haifaffen Makka, ina aiki a wani ƙaramin ofishin yankan tikitin jirgi a unguwar Mansur. Watana huɗu da farawa, amma ji nake babu abin da ya ɓuya mini a harkar. Ko Jidda ban taɓa wucewa ba, sai dai duk wanda ya yi mini tambaya ba na iya cewa ban sani ba.

Wata rana wani dattijo maƙwabcinmu, tela ne ɗan Damagaram, ya zo yankan tikiti. 'Yarsa da ke New York ta haihu, yana so a yi suna da shi. Na samo masa jirgin da zai sauka Paris, ya canza wani. Sai ya tambaye ni tsawon tafiyar daga Paris zuwa can, domin yana da ciwon zuciya, kuma maganinsa a kan lokaci yake sha. Na duba takarda, na ga tashi goma da rabi na safe, sauka sha biyu da rabi na rana. Na ce wa dattijon awa biyu ce kacal, ya kwantar da hankalinsa. Ban san agogon garuruwan biyu ya bambanta da awa shida ba, kuma tafiyar ta kai awa takwas a kan teku. Maigidana yana zaune kusa da ni, ban tambaye shi ba.

Dattijon ya ɗauki ƙwayoyin da za su kai shi Paris a aljihu, sauran ya zuba a babban akwatin da ake sawa a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin jirgi. A tsakiyar teku numfashi ya fara yi masa wuya, ga shi ba ya jin Turanci ko Faransanci sosai. Allah ya sa akwai likita cikin fasinjoji. Daga filin jirgi asibiti aka wuce da shi, yana kwance aka yi sunan.

Da ya dawo na je gaishe shi a shagonsa. Ya ba ni labari cewa jirginsu ya ɓata hanya a sama, tafiyar awa biyu ta zama takwas, ya kuma gode mini da ɗawainiya. Na ce Allah ya kiyaye gaba, na tashi. Har ya rasu bayan shekara biyu haka ya ɗauka, ni kuwa ban gyara masa ba.

Abin da na koya shi ne, kuskuren farko rashin sani ne, amma shirun da na yi a shagon nan da sanina na yi shi. Duk wanda aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, ya ce bari ya bincika. Wanda kuma ya yi kuskure ya faɗa tun mai haƙƙin yana raye, don ni yanzu babu wanda zan nemi gafararsa sai Allah.