Raƙumar Baba Ba Za Ta Kuba Ba

Jidda, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Na fito daga gida ko shayi ban kurɓa ba, duk saboda wayar da Inna ta yi mini jiya da yamma. Inna ba ta kiran mutum a banza. Cewa ta yi, "Sale, ƙanenka zai kai Raƙuma a yanka. Gobe bayan la'asar za a zo a ja ta." Ta kashe wayarta.

Raƙuma motar marigayi Babanmu ce, doguwa, koriya, ƙirar Amurka ta zamanin da, wadda ya yi shekaru yana jigilar alhazai da ita tsakanin Makka da Madina. Tun rasuwarsa take ƙofar gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina, lulluɓe da tamfol, Inna na sa a share mata ƙura duk Juma'a. Shi kuwa ƙanena Umaru, Allah ya shirya, ya ji a labarai wai Amurka na shirin janye takunkumin ciniki da ta ƙaƙaba wa Kuba, ƙasar 'yan gurguzu. Ya kuma ga hotunan tsofaffin motocin da suke lallaɓawa a can don rashin kayan gyara. Shi ke nan, ya hango arziki! Zai sa a farke Raƙuma gunduwa-gunduwa, a haɗa da wasu tarkace, a cika kwantena sai Kuba. Mutumin da ko Yanbu da ke kusa da Madina bai taɓa kai buhun dabino ba.

Na yi sallah a masallacin tasha, na shiga motar haya ta Madina mai cin mutum huɗu, riyal saba'in kowa. Direba ya ce, "Yalla ya hajji, yanzun nan za mu tashi." Yanzun nan ɗin tasa ba ta cika ba sai shida da minti goma.

Rabig, ƙarfe takwas saura kwata

A shingen bincike kowa ya miƙa katinsa, ban da wani fasinja da ya kwashe minti goma yana lalube, ashe takardarsa tana cikin safa. A Rabig muka tsaya karin kumallo, na ci gurasa da wake da shayi na riyal shida, na kira Umaru.

"Ya Yaya, inta ba ka gane harkar suƙ ba, harkar kasuwa," in ji shi. "Ƙofa za ta buɗe, wanda ya riga shi ya sha. Khalas, na gama magana da mutanen tashali."

Tashali shi ne makabartar motoci, inda ake farke su a sayar da kayan cikinsu. Na ce masa wallahi ya taɓa ko madubinta sai mun haɗu. Ya ce ba ya ji na, hanya ba kyau. Ƙarya yake, ina jin ƙarar cokalinsa a kofi.

Badar, ƙarfe goma

Muna barin Rabig direba ya sanar da ni wai ta Badar za mu bi, akwai mai sauka. Na ce, "Bawan Allah, me ya hana ka faɗa tun a tasha?" Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba." Kai jama'a! Ƙarin sa'a guda ke nan a banza.

Amma da muka wuce Badar kaɗan, muka zo wani kwari mai 'yan ƙayoyi da baƙin dutse a gefen titi, sai na bar faɗan. Na san wurin. Ina ɗan shekara bakwai, muna dawowa daga Makka a cikin Raƙuma, Inna da tsohon ciki, Baba ya taka birki a nan. Ya fitar da mu duka, ya bar Inna da wata tsohuwa cikin fasinjoji, ya ce in koma bayan dutsen kada in juyo. Daga can na ji kukan jariri. A kujerar bayan motar nan aka haifi Umaru. Takardar haihuwarsa Madina ta ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, don Inna mace ce mai kunya, ko kalmar haihuwa ba ta furtawa a gaban 'ya'yanta. Daga nan zuwa Madina kilomita ɗari da hamsin ne.

Madina, sha biyu da minti arba'in

Na sauka a ƙofar gida na tarar da tamfol yashe a ƙasa da tabon baƙin mai. Inna na zaune a zaure da carbi. "Tun hantsi suka zo," ta ce. Ashe da ɗan nema ya ji ina hanya sai ya matso da lokaci. Ta ce in ci abinci, na ce sai na dawo. Na tare tasi, muka ratsa Harra ta Yamma muka fita bayan gari, tafiyar minti ashirin da biyar.

Na hango Raƙuma tun daga ƙofar tashali. An cire mata ƙofofi biyu, an fitar da kujeru. Ga gogan naka a inuwar rumfa, ya harɗe a kan kujerar bayan yana shan shayi, tare da wani dattijo ɗan Cadi da ke aiki a wurin, Malam Abakar. Na buɗe baki na zazzage masa duk abin da na tara tun daga Jidda. Ko gezau. Ya ce ni dama tun muna yara ba na son ci gabansa.

Dattijon ya bari na gaji, sannan ya ajiye kofinsa. "Umaru, wai tsakanin Kubar nan da Amurka nisan nawa ne?"

"Kusa ne, ya ammi. Kamar nan da Badar."

"To wanda aka buɗe wa shagon sabbin kaya a maƙwabtansa, shi ne zai zauna jiran tsatsa daga Madina?" Ya nuna tulin lagireto a bayansa. "Sanda na zo ƙasar nan ba a ciniki sosai da Sin, su ma 'yan gurguzu ne. Lagireto nake liƙewa, mutane na layi a ƙofata. Da ƙofa ta buɗe, sabo ya zo da araha. Talaka ya ji daɗi, ba na musu, ni ma fankar ɗakina tasu ce. Amma mu masu faci mu aka fara sallama. Rufin ƙofa ne ke sa tsohon ƙarfe daraja, ɗana. Ranar da aka buɗe musu, su kansu za su fara neman inda za su zubar da nasu."

Umaru ya shiga juya kofi. Na zaci ya sauko, ashe da sauran rina a kaba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗayyib, to a sayar da ita a kilo. Ƙarfe ne fa kawai, Yaya."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Tashi daga kan kujerar nan. A kanta aka haife ka, a kwarin bayan Badar, ina bayan dutse ina jin kukanka. Kai kake zaton don alhazai Inna ke sa a share ta duk Juma'a?"

Ya miƙe zumbur har shayin ya zube masa a riga. Ya dubi kujerar, ya dube ni.

Ƙurban, bayan la'asar

Motar janwe ta dawo da Raƙuma ƙarfe huɗu da kwata, ƙofofinta ɗaure a sama. Kujerar kuwa Umaru ya hana lebura ya taɓa, da kansa ya ɗauka ya mayar da ita mazauninta, yana gumi yana kauce wa idon kowa. Inna ta fito ta leƙa ciki, ta shafa kujerar sau ɗaya. Ta ga yadda Umaru ya sunkuyar da kai, sai ta juyo gare ni.

"Me ka gaya masa?"

Na ce, "Gaskiya, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai dai bakinka ba shi da linzami, Sale. Shekara arba'in ina rufe abu." Ta shige gida. Wato ni da na yi sammako, na ƙi cin abinci, na ceto motar, ni ne marar kunya! Sai dai da aka kawo tuwo, ƙwaryata ce ta fi nama.

Washegari na yi ziyara, na hau bas ƙarfe tara, na iso gida Jidda ƙarfe uku na rana lafiya lau. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sai Malam Abakar da ya faɗi a minti biyu abin da na kasa da ihu. Takunkumin kuwa har yau yana nan, masu shi suna ta ja-in-ja. Inna ta ce yanzu ba ta aiken kowa ranar Juma'a, Umaru ne ke zuwa da tsummansa.