Matashi Na Huɗu

Shekarar da aka daina fam aka koma naira, ranar wata Asabar, motar 'yan kasuwa ta ɗauko ni daga Fagam ta sauke ni a Birnin Kudu, gidan Goggo Hansai, yayar babana, inda zan zauna in shiga aji biyar. Abin da idona ya fara sauka a kai a ɗakinta shi ne matasai huɗu jere bisa gadon ƙarfe, kowanne da farar riga mai ɗinkin fure. Ni kuwa ban taɓa ɗora kai a kan matashi ba. A gidanmu tabarma ce, sai ka lanƙwasa hannunka ka yi barci.

Da hannunta ta yi su duka. In bazara ta yi, 'ya'yan rimin bayan gida suka fashe, sai mu fita da kwando mu tsinto audugar. Takan zauna a inuwar rumbu tana cire ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don in ka bar ko kaɗan ɓera zai huda matashin ya bi su. Ranar Juma'a takan shanya su a kan zana, ta bubbuge su da muciya har su kumbura. Uku take kwana da su, domin tana da ciwon fuka, in ta miƙe sosai numfashi sai ya toshe mata. Mijinta Baba Sale ko ɗaya ba ya so. Yakan tsokane ta, "Ke kullum kwanan zaune, kamar mai jiran mota." Ta ce, "Ya fi naka, da kai a ƙasa kamar kabewa."

Na huɗun ta miƙo mini tun ranar farko. "Ungo, 'yar Fagam. Kan da zai ɗauki boko ba ya kwana a ƙasa." Na karɓa da hannu biyu. Amma wuyana bai yarda ba. Kullum sai in ture shi gefe, da asuba in jawo shi kafin ta farka, don kada ta ce na raina kyautarta.

Da damina ta sauka ciwon ya tsananta. Na lura ta fara naɗe zannuwanta tana cusawa ƙarƙashin matasan nan uku, kafin gari ya waye sun zame, ta tashi idanunta jawur, ƙirjinta yana ƙara. Auduga kuma babu sai wata bazarar. Ko sau ɗaya ba ta kalli nawa ba. Kwana shida ina haɗa magana a hanyar makaranta, in na zo gabanta sai ta watse.

Yau matasan soso sun cika kasuwa, a ɗakina ma akwai biyu, amma ba wanda zan iya cewa ga hannun da ya cusa shi. Na roƙi mutane abubuwa da yawa tun daga lokacin, babu wanda ya yi mini nauyi kamar na rana ta bakwai. Tana tankaɗe a tsakar gida na durƙusa, matashin a ƙirjina, kaina a sunkuye.

"Goggo, don Allah ki ƙara wannan a naki. Ni ki bar ni da hannuna."