Rabon Mai Kwance

A shekarar da na yi aure kurkunu ya kwantar da ni. Zamanin Turawa ne, mu bakwai muke sana'ar su tare a fadamun gabas da Haɗeja, wajen Baturiya. Babbanmu Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, mutum marar yawan magana, wanda in ya dubi ruwa zai gaya maka ko tarwaɗa ce a ciki ko karfasa. Da ambaliya ta fara janyewa sai kifi ya taru a tafkuna. Mu hau gora mu shiga da koma tun sanyin safiya, matanmu su yi banda, fatake su kwasa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Birniwa. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin banda sai in ga kamar ina bakin tafkin nan, gishirin zufa ya bushe a bayana.

Muna da wata al'ada da muka tarar. In an fito da kifi, akan kasa shi tsibi-tsibi daidai yawanmu, ko da wani bai zo ba, muddin ciwo ne ya hana shi. Tsibinsa shi ake kira rabon mai kwance. Sharaɗin ɗaya ne: komarsa ta bi mutane ruwa ko shi bai bi ba. Jikokina masu aikin ofis sun ce yanzu akwai irin wannan da takarda da sa hannu, wai inshora. Mu dai tamu takardar ita ce idon Kawu.

Ƙarshen damina ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, farin zaren kurkunu ya leƙo. Wanzami ya zo ya kama kan zaren ya naɗe a tsinke, ya ce kullum a ja kaɗan, ban da gaggawa. Ni kuwa ina jin waƙar abokaina suna wucewa ta bayan danga za su ruwa, haƙuri ya ƙare mini. Wata safiya na ja da ƙarfi, ya tsinke a ciki. Kafin kwana uku gwiwata ta kumbura kamar tulu.

Ranar farko da aka kawo rabona, matata ce ta shigo da kwarya cike da tarwaɗa, tana murna. Na ce ta mayar.

"Malam, in mayar wa wa?"

"Wanda ya kawo. Ni ban zama abin sadaka ba tukuna."

Ta dubi ƙafata, ta dubi rumbunmu da bai kai rabi ba, sannan ta fita da kwaryar.

Da la'asar sai ga Kawu da kwaryar a hannunsa. Ya ajiye ta gabana, ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana duba gwiwar.

"Bara waccan da ƙanen Bulama ya karye, wa ya ja komarsa?"

"Ni ne, Kawu."

"Sadaka ka ba shi?"

Ya ci gaba da cewa:

"To naka ne ya dawo. Wanda ya ƙi karɓa yau, gobe shi zai ƙi bayarwa. Ci kifinka."

Na ci. Wata biyu cur rabon bai yanke ba. Matata ta riƙa yin bandarsa, mu ci wani, wani ta musanya da gero a kasuwa. Da kaka ta yi, su shidan suka zo suka yanke mini shinkafar fadamata a yini ɗaya, ina zaune a inuwar giginya ina kallo, ƙafa a miƙe.

Sai ruwa ya ja baya da wuri, kifi ya yi ƙaranci. Wata rana ina kwance na ji muryar ɗaya daga cikinmu ta bayan danga, mai 'ya'ya tara ne, yana cewa tsibi shida ma bai isa ba balle bakwai, kuma har yaushe za a yi ta ciyar da gwiwar da ba ta da niyyar warkewa. Ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Na aika wa Kawu cewa a daina kasawa da ni.

Washegari da hantsi ya shigo da komaye uku yagaggu a kafaɗa, ya zube mini su da ƙullin zare.

"Ƙafa ce ke ciwo, ba hannu ba. Duk komar da ta yage, nan za a kawo."

Haka na fara ɗinkin koma. Da farko ƙullina warwarewa yake yi, matata na dariya tana riƙe mini bakin zaren. Kafin bazara na iya, har na fara saƙa sababbi. Mai 'ya'ya taran nan da kansa ya kawo tasa, ya tsuguna ya ce, "Sannu da jiki, ɗan'uwa," kansa a sunkuye. Na gyara masa ita fiye da ta kowa.

Ciwon ya warke, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba, don haka ban ƙara hawa gora ba. Masunta daga ƙauyukan kewaye suka riƙa kawo mini aiki, har daga Kafin Hausa. Da saƙar koma na yi rainon 'ya'yana duka, kuma a ƙofar gidana abokaina kan yada zango in sun dawo daga ruwa, su shanya komayensu a kan danga, su ba ni labarin kifin da ya kuɓuce musu.