Gayyar da Mai Aƙida Ya Kira

An riga an daina fam da sule, motoci sun koma hannun dama, amma bakin mutane bai saba da Suleja, sabon sunan garinmu, ba tukuna. Mai tahowa daga Izom cewa yake zai shiga Abuja, tsohon sunan ke nan. To, a wannan daminar ce, ina goyon autata.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma kalmar aƙida ba mai koya mini ita, don da mai ita na yi zaman aure. Baban yarana ake ce wa mai aƙida. A lokacin in an kira mutum haka, ana nufin ya ƙulla a ransa yadda ya kamata duniya ta tafi, kuma a kan haka zai taka, ko ta bi shi ko ta ƙi. Da fari yabo ne.

Tasa aƙidar gayya ce. Shi a wurinsa abin kunya ne maƙwabci ya sa 'yan ƙodago a gona alhali yana da maƙwabta. A taru yau a nome ta wannan, gobe ta wancan. Shi ke fara isa gonar kowa da fartanya, tasa kullum ita ce ta ƙarshe.

A shekarar ne masu awon sabon birnin tarayya suka fara kwasar samari a mota suna kai su saran daji. Dawarmu da ke hanyar Izom kuwa ciyawa ta kusa shanye ta. Ƙanensa ya zo ya same shi a zaure, ina jin su daga tsakar gida.

"Yaya, ka nemi 'yan ƙodago. Yaran nan duk sun bi mota."

"Na nome wa iyayensu. Za su zo."

"Aƙidar ce za ta riƙe maka fartanya?"

"Kai dai je ka ce wa makaɗi ya zo da gangarsa."

Ran gayya na tuƙa tuwon dawa tukunya bayan tukunya, tuwona kuwa duk unguwarmu ta Wambai an san shi. Ni da ƙanwarsa muka ɗauka a ka. Tun daga nesa muna jin ganga, har na fara murna. Da muka isa, sai shi da ƙanensa da wasu tsofaffi, bayansu ma da ƙyar yake sunkuyawa. Makaɗi ya yi wa kowa kirari ya sake yi, ya rasa wanda zai wasa. Can baban yara ya miƙe ya ce, "Malam, huta haka, zo ka ci abinci."

Tuwon nan a unguwa muka raba shi. Rabin gonar ciyawa ta ci, bazara ba ta yi ba rumbu ya ƙare, muka koma rogo.

Wannan duk ya wuce. Abin da bai wuce mini ba, yadda kalmar ta koma. Zai ratsa majalisa da fartanyarsa a kafaɗa, wani ya ce, "Ga mai aƙida nan," sauran su sunkuyar da kai suna murmushi. Yana ji. Bai sake kiran gayya ba, ba kuma wanda ya sake kiransa, amma har ƙarfinsa ya ƙare bai sa ɗan ƙodago ba. Gonar ya riƙa ragewa.

Ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƙanen ma haka, makaɗin tun kafin su. Saura ni da ƙanwar tasa. Tana Kwamba wurin jikokinta, kunne ya yi nauyi, in na je sai na ɗaga murya.