Abin da Ke Cikin Ƙotar Raket

Fasinjojin da na ɗauka a filin jirgin saman da ke kusa da mu a Sterling, nan Amurka, sun fi gashin kaina yawa, gashin ma ya ƙare su ba su ƙare ba. Na manta fuskokinsu duka. Amma akwai wasu Turawan Ingila biyu da ko daga barci aka tashe ni zan siffanta maka su. Makon da na yi da su yana nan a raina har ranar da za a sa ni a rami.

Bari in fara faɗin halin da nake ciki a lokacin, don kada a ce tsohon nan tsoro ne da shi kawai. Na shigar da takardun kawo uwar yarana da yaran daga Zariya, bayan shekarun da na yi ina ganinsu suna girma a cikin waya. Lauyan da ke bi mini maganar ya ja mini kunne, ya ce ko tarar gudu kada in yarda a rubuta mini, balle sunana ya shiga littafin 'yan sanda. Ni kuma ban yi boko mai nisa ba. Turancina na titi ne, ya ishe ni in tambayi inda za a, bai ishe ni in kare kaina a gaban alƙali ba. Don haka nake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ana tsakiyar zafin bazara suka fito da jakunkuna dogaye kamar an naɗe gawa. Ɗaya dogo ne siriri, ɗayan gajere mai jan gemu. A raina na sa musu Dogo da Jan-gemu, har muka rabu ban riƙe sunayensu na gaskiya ba. Suka ce 'yan wasan tanis ne, na bibbiyu, wato mutum biyu a nan biyu a can, sun zo gasar da ake yi a cikin Washington. Jan-gemu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ƙara da cewa suna cikin jerin gwanayen duniya.

Na dube su ta madubi. A garinmu ko ɗan damben unguwa ba ya tafiya ba makaɗi da 'yan rakiya. Waɗannan gwanayen duniya kuwa ba mai riƙe musu ko gorar ruwa. Otal ɗin da na kai su ma ƙarami ne a bakin hanya, ɗaki ɗaya suka kama su biyu, kuma sai da suka yi cinikin kuɗin mota da ni kamar muna tashar Kwangila. Na ce to, duniya ce, kowa da ƙaryar da yake ci da ita.

Da aka fara gasar suka koma babban otal a cikin gari, inda masu gasar ke sauke 'yan wasa. Na ɗauka mun rabu ke nan, don a ƙofar otal ɗin na ga motoci baƙaƙe jere, masu kai 'yan wasa fili kyauta. Ranar wasansu na farko motar da aka ba su ta makara, Dogo ya kira ni a gigice, na kai su. Da yamma suka fito suna tsalle kamar yara, wai sun ci. Washegari da safe sai ga kira kuma.

Na ce, "Ba ga motoci nan kyauta ba?"

Dogo ya ce, "Kai muke so, maigida. Kuma don Allah hular da ka sa jiya, ita za ka sake sawa."

Hula ce shuɗiya, tsohuwa, duk gumi ya ci bakinta. Me Bature zai yi da hulata? Na dai sa. Da na ga hanyar da muka bi jiya ta cushe na nemi in kauce, sai duk suka yi caa, wai a'a, hanyar jiya za a bi ko da za a daɗe. Dogo a bayana, Jan-gemu a ɗaya gefen, ba sa sauya kujera. Idan za su yi magana kuma sai kowa ya sa hannu ya rufe baki, su yi ƙus-ƙus, ni da ba na ma gane rabin Turancinsu.

Sai kuma maganar aike. Kullum bayan sun gama, sai su ba ni faifan da suke dukan ƙwallo da shi, raket suke ce masa, guda da yawa, in kai wa wani tsoho a Lanham ya sauya musu tsirkiya, da safe in karɓo a naɗe cikin leda. Abin da ya fara damuna, tsirkiyar sabuwa ce fil. Da idona na ga Jan-gemu ya sa almakashi ya datse wadda aka ɗaura jiya. Mutumin da ke cinikin kuɗin mota ne zai yanke sabon abu ya zubar?

Wata safiya na isa Lanham da wuri, tsohon bai gama ba, ya ce in sauko ɗakin ƙasa in jira. Ina kallonsa ya ɗauki raket ɗaya. Ya ɓalle murfin gindin ƙotar raket ɗin, ashe cikinta rami ne. Ya ɗauko wani farin abu mai danƙo ya ɗura a ciki, ya mayar da murfin, ya ɗora a kan wani ɗan ƙaramin sikeli, ya duba, ya rage, ya sake aunawa. Irin sikelin nan na sha ganinsa a labaran talabijin, a kan teburin 'yan sanda, kusa da ƙullin hodar iblis.

Daga can ban zarce otal ba sai da na tsaya a Landover wurin wani abokina mutumin Kumasi, mai shagon kayan abinci. Shi ya fi ni wayewa da waya. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya bar awon garin da yake yi ya riƙe baki.

"Ei, Alhaji! Sun mayar da kai jakin dakon hodar iblis, kai ko labari. Hular nan alama ce. Don masu jiran kaya su gane motar."

Na ce, "Duba mini su a wayarka tukuna, ko da gaske 'yan wasa ne."

Na nuna masa wani kati mai sunayensu da suka ba ni, ya lalubo. Ga hotunansu kuwa, ga tutar ƙasarsu, ga matsayinsu a jerin gwanaye, ba can sama ba amma ba a ƙasa ba. Ga kuma kuɗin da aka ce kowannensu ya ci a wasa tun da ya fara. Da ya karanto mini sai da na zauna a kan buhun shinkafa.

Ya ce, "Ka gani? Mai wannan kuɗin ne zai kwana ɗaki ɗaya da ƙato? Wasan rufa-ido ne kawai. Su suna da lauyoyi, Alhaji. Kai wa kake da shi? Ranar da karen 'yan sanda ya shinshina but ɗin motarka, Hajiya sai dai ta ci gaba da ganinka a waya, in ma an bar maka wayar."

Maganar ta zauna mini, don gaskiya ce ko da sauran ƙarya ne. Ni ke ratsa Maryland da Washington da Virginia da kayan nan, a motata, da lasina. Na yi tunanin in ajiye musu kayan a ƙofar otal in kashe waya. Amma idan da wani abu a ciki, ai na riga na yi kwanaki ina ɗauka, tsohon ya san fuskata, kyamarar otal ta san lambar motata. Gudu ba zai wanke ni ba. Gara in gani da idona.

Na same su a bakin otal suna jirana, da wasa a gabansu ranar. Na buɗe but, na tsaya a gabansa, ban miƙa musu komai ba.

Na ce, "Ku buɗe ɗaya."

Jan-gemu ya yi dariya. Dogo ya dubi fuskata, bai yi ba.

Na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na ce, "Na ga abin da tsohon nan yake zubawa a ciki. Ina da mata da yara suna jiran takarda. Ku buɗe in gani, ko in kira 'yan sanda su buɗe mana gaba ɗaya."

Jan-gemu ya fara faɗa, wai an auna kowanne daidai, in an taɓa ya lalace, ga wasa nan da 'yan sa'o'i. Dogo ya ɗaga masa hannu. Ya ce in zaɓi wanda nake so da kaina. Na zaro na tsakiya. Ya karɓi makullin motata ya ɓalle murfin, ya miƙo mini. Na sa yatsa na ƙwaƙulo, na kai hanci. Danƙon nan ne da ake liƙe bakin bahon wanka da shi, na sha sayensa don gidan haya. A ƙarƙashinsa ɗan guntun darma. Shi ke nan.

Dogo ya ce nauyi ne. Kowane raket sai ya zo daidai da ɗan'uwansa, don in tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar wasa ya ɗauki wani, hannunsa kada ya ji bambanci. Tsirkiyar kuma kwana ɗaya take saki, ƙwallo ta fara tashi inda ba a aike ta ba.

Na ce, "To hular fa? Da hanya? Da rufe baki?"

Nan Jan-gemu ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja kamar gemunsa. Dogo ne ya yi bayani a mota, muna cikin cunkoson hanyar jiya. Ya ce watanni suka yi duk garin da suka je a wasan farko ake koro su. Makin da ya ba su matsayi a jerin gwanaye na bara ne, kuma maki shekara ɗaya yake yi ya zube. In ya zube matsayinsu ya faɗi, in matsayin su biyun da aka haɗa bai kai ba, ba a ma barinsu shiga manyan gasa. Kuɗin da abokina ya karanto mini kuwa na shekaru ne masu yawa, kafin haraji, kafin jirgi da otal da mai horarwa, kuma abin da ake ba 'yan bibbiyu bai kama ƙafar na masu wasa su kaɗai ba, sannan a raba biyu. Ranar da na fara kai su fili a motata suka ci. Don haka ba abin da za a taɓa: direba, kujera, hanya, hula. Rufe baki kuma sabo ne na fili, don kada abokan karawa su karanci leɓe, ya bi su har mota.

Na ce, "Wato camfi."

Ya ce, "Kira shi duk abin da ka ga dama, maigida, kada dai ka cire hular."

Ni da nake ganin sun zaɓe ni don ba ni da gata, ashe laya suka mayar da ni. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba.

Sun ci ranar, da raket ɗin da aka buɗe a ajiye. Wasa na gaba aka fitar da su. Na kai su filin jirgi, kowa na latsa wayarsa, ina jin kowa na neman wanda zai haɗu da shi in wannan haɗin ya watse. Da muka sauke jakunkuna Dogo ya ba ni hannu, ya dubi kaina, ya ce, "Yanzu kana iya wanke ta."

Ban sake ganinsu ba. Abokina na Kumasi har yau cewa yake ba a buɗe sauran ba, wanda na zaɓa kawai aka buɗe. Na ce masa ya je ya buɗe. Uwar yara ta iso daga baya da yaran, kuma aikin farko da ta yi a gidan shi ne jefa hular nan a shara.

Ban yi nadamar cewa su buɗe ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Abin da na koya shi ne in faɗa tun ranar farko, kafin kayan mutum su kwana a motata, maimakon in yi mako ina haɗiyar zargi yana cina. Na kuma koyi cewa mai tsoron rasa abincinsa da mai ɓoye laifi, daga nesa tafiyarsu iri ɗaya ce. Su suna kallon makinsu yana zubewa, ni ina kallon takarduna, mota ɗaya muke ciki, kowa da tsoronsa, kowa yana rufe baki.