Ɗalibar Ƙarshe ta Malam Ibrananci

Sunan darasinsa ya bi shi, har matarsa Malam Ibrananci take ce masa idan tana son tsokana. Ofishina yana jikin ajinsa, bangon kuma ba kauri, don haka na sha jin darasin ba da niyya ba.

Lokacin da ikilisiya ta buɗe jami'ar, sashen addini ne a ginin gaba, kuma kowane ɗalibi sai ya bi ta hannunsu. Daga baya aka mayar da su ƙarƙashin sashen ilimi. Wani shugaba ya zo ya haɗa su da falsafa, wani ya ce darussansu na ganin dama ne. Kowane sauyi da ɗaukar kujeru yake zuwa. A ƙarshe suka tsaya a bayan ɗakin karatu, kusa da injin wuta.

Sai majalisar jami'a ta yi doka: darasin da ya yi zango guda ba ɗalibi, a soke shi.

A zangon nan mutum ɗaya ta yi rajista, wata yarinya daga sashen kasuwanci. An ce mata tsoho ne, ba zai yi rowar maki ba. Shi kuwa yana da ƙa'ida tun farko: ba ya ba kowa makin cin jarrabawa sai ya tsaya ya karanta layin farko na Littafin Farawa da baki, daga dama zuwa hagu.

Ta tsaya. Ta ɗora yatsa a hagu. Ta kasa karanta ko kalma ɗaya.

Magatakardan jami'a ƙanin matar Malam ne. Ya sauko da kansa, abin da bai saba ba.

"Yaya, ka ba ta makin mana. Idan ta faɗi, labari zai zaga, ba wanda zai sake leƙo ka."

"Ba ta karanta ba."

"To wa zai kama ka? Annabi Musa ne zai zo duba takardun?"

Malam ya yi murmushi kaɗan. "Zauna ka sha ruwa, ka sha hanya."

A gida ma, na ji an ce, uwargida ta yi nata. "Kai da alli kuka tsufa tare, yanzu ka zauna ka koya wa kujeru."

Bai canza makin ba. Ya dai kira yarinyar ya ce ta dawo, zai koya mata kyauta har ta iya. Ta ce to, Baba. Ba ta dawo ba.

Zango na gaba ba wanda ya yi rajista.

Yanzu tsofaffin kwamfutoci ake tarawa a ajin. Allon yana nan a bayansu. Ranar da ya kwashe littattafansa na taya shi ɗaure kwali. Ya ɗauki tsumma ya fara goge rubutun Ibrananci da ke kan allon daga dama, ya kai tsakiya, sai ya ajiye tsumman a kan tebur.

"Bar sauran," ya ce. "Ko wani zai tambaya mene ne."

Ina wucewa ta wurin kullum. Ban ji an tambaya ba tukuna.